Fuskar da Baba Ya Zana

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Baba ya riga mu tafiya a tsakiyar daminar da ta wuce, a ɗakinsa da ke Gwandu, bayan gajeriyar jinya ta ciwon ƙirji. Aka yi masa sutura, aka kai shi makwancinsa, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ƙarƙashin dogon yaro. Da yake ni ne babban ɗansa, aka zaunar da ni kusa da Baffa, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya taho daga Kalgo tun da safe.

Jama'a sun zo sosai. Baba ya daɗe yana koyarwa a makarantun firamare, don haka akwai masu furfura da suka durƙusa gabanmu suna cewa shi ya koya musu riƙe fensir. Wani mai shagon magani ya ce allon da Baba ya rubuta masa har yau ruwa bai ci fentinsa ba. Wani tsoho kuma ya riƙe hannuna ya daɗe, sannan ya tashi. Duk wannan na karɓa da sanyin zuciya.

Washegari da hantsi wani mutum mai ƙiba, wanda ya taɓa yin kansila, ya iso da mutanensa. Bayan an shafa addu'a, sai ya gyara zama ya ce, "Kai, mun yi rashi! Wa za shi manta da littafin Zaratan Fadama? Wallahi Malam ya iya hannu. Ka ga Sarkin Tsatsa kamar ya buɗe baki ya yi magana!"

Aka fashe da dariya, irin wadda ake yi a wurin makoki idan an gaji da jimami. Wani ya zaro waya, ya ce ai tun jiya hotunan shafukan ke yawo, an rubuta a ƙasa, Allah ya jiƙan mai wannan zane. Wayar ta bi hannu-hannu har ta iso gare ni. Na kalli fuskar da ke ciki, na ji kamar an tuɓe mini riga a tsakiyar kasuwa. Baffa bai ko karɓi wayar ba. Ya miƙe ya ɗauki buta ya ce zai yi alwala, alhali azahar da sauran nisa.

Masu dariyar ba su da mugun nufi, yabo suke yi. Sai dai abin da suke yabon shi ne abin da Baba ya fi jin kunyarsa a duniya. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ba na son a manta da shi, kuma in da wannan ɗan littafin za a riƙa tuna shi, to a san yadda shi ya ɗauke shi.

Baba siriri ne, mai ɗan doro saboda yawan sunkuyo, kuma da wuya ka ga gefen yatsansa ba baƙin tawada. Tun yana kwalejin horon malamai ya ci karo da littattafan nan na Turawa masu ba da labari cikin zane, waɗanda ake raba shafinsu gida-gida, kowane gida da hotonsa, maganar mutum kuma a rubuce cikin wata da'ira bisa kansa. Baba kan kira da'irar nan ƙwarya. A cikinsu ma ba kowanne yake so ba. Na jarumi guda bai dame shi ba. Nasa su ne na gungun jarumai, mutum biyar ko fiye, kowa da irin baiwarsa ta ban mamaki, wannan yana tashi sama, wancan ƙarfe ba ya huda shi, sun haɗa kai suna tsare gari. Yakan ce labarin jarumi ɗaya ko yaro zai iya. Gwaninta tana wurin wanda ya tara mutane da yawa a shafi guda bai bar kowa ya ɓace ba.

Duk sa'ad da ya je Sakkwato ko Birnin Kebbi, sai ya bi ta wurin masu sayar da tsofaffin littattafai a bakin titi. Inna, mahaifiyarmu, takan ce mazan mutane na dawowa daga birni da atamfa, nata mijin na dawowa da aljanu masu ɗamammun kaya.

Bayan la'asar yake karanta su, a zaure, ya jingina da bango. Wani lokaci sai ya kira ni, ya sa tafin hannu ya rufe fuskokin da ke shafin, ya karanta mini maganganun yana juya su da Hausa.

"Wa ya faɗi wagga?"

In na ce wane ne, mai saurin fushin nan, sai ya yi murmushi. "To marubucin ya san aikinshi. Mutum biyar, baki biyar. In ka rufe fuska ba ka gane mai magana ba, mutum ɗaya ne anka sa ma riga biyar."

Sannan ya juya abin. Ya rufe ƙwaryar maganar, ya bar mini hoton, ya ce in gaya masa abin da ke faruwa. In na kasa, ba ni yake zargi ba. "In sai an rubuta maka ya ji tsoro kafin ka san ya ji tsoro, mai zanen bai yi komai ba, tawada kawai ya ɓata."

Akwai abubuwan da ke sa ya jefar da littafi gefe. Mai zanen da bai iya ƙafa ba, sai ya riƙa ɓoye ta bayan hayaƙi ko dutse, Baba na gane shi tun shafin farko. Haka ƙirazan nan da ake kumburawa kamar buhun gero, da matan da ake lanƙwasa wa baya yadda ko kifi ba zai iya ba. Abin da ya fi so kuwa shi ne shafin da ba a faɗa a cikinsa, jaruman na zaune suna gardama kan abin da bai kai ya kawo ba. Yakan ce, "Dambe kowa na iya zanawa. Nuna min su suna cin tuwo, in ga ko sun san juna."

Baffa kuma mutumin magana ne. A sashen yaɗa labarai yake aiki a Kalgo, yana rubuta wa manya jawabi, yana rubuta wa makarantu wasan kwaikwayo. In ya zo Gwandu, zauren nan ba ya shiru. Baffa ya ce zane ba labari kwalliya ce kawai. Baba ya ce mai labari ba zane ya tafi gidan rediyo. Su yi ta yi har shayi ya huce. Burinsu ɗaya ne tun suna samari, su yi nasu da Hausa, da jaruman da suka tashi a bakin gulbi, masu cin shinkafa da kifi kamar kowa. Abin da ya hana shi ne ba mai buga musu.

Ina sakandare aka kaɗa gangar zaɓen ƙananan hukumomi. Wani ɗan kwangila ya fito neman shugabanci a can wajen su Baffa, Baffa kuma yana cikin mutanensa. Wata rana ya zo da murna ya ce wa Baba ga dama ta samu. Ɗan takarar ya yarda zai buga musu littafi, da sharaɗin shi da manyan magoya bayansa huɗu su ne jaruman. Baba ya yi ta jan ƙafa. Amma mutumin da ya yi shekaru yana kallon aikin wasu a takarda, aka ce masa ga nasa zai fito da bango mai launi, bai iya cewa a'a ba.

Abokin hamayyar ɗan kwangilar wani tsohon hedimasta ne daga Diggi, wanda mutanensa suka matsa masa ya fito. Baba ya san shi farin sani. A ƙarƙashinsa ya fara aikin koyarwa, a zaurensa ya kwana watannin farko, daga cikin gidansa ake fito masa da abinci. Sai dai akwai wani abu tsakaninsu. Wata rana hedimastan ya tarar da Baba a ofishin malamai yana karanta ɗaya daga cikin littattafan nan, ya ɗaga shi sama gaban kowa ya ce, "Ku ga wanda za shi koyar da ɗiyanmu, shi kanshi ba a yaye shi ba." Malamai suka yi dariya. Baba ya haɗiye, amma bai manta ba.

Zaratan Fadama, haka suka sa wa littafin. A cikinsa ɗan takarar na ɗaga motar da ta kafe a laka da hannu ɗaya. Wani cikin mutanensa na dafa busasshiyar ƙasa da hannu ruwa ya ɓulɓulo, wani na tsere wa babur da ƙafa. Ɗan takarar ya ce kowa ya yi kyau, amma kada wani ya fi shi, don haka su biyar ɗin suka fito kusan da fuska guda, ƙirji a gaba, haɓa a sama. Maganarsu ma guda ce. Kowane shafi sai wani ya ɗaga hannu ya ce za a kawo ci gaba. Duk abin da Baba ke jefar da littafi saboda shi, ga shi nan a nasa.

Maƙiyinsu shi ne Sarkin Tsatsa, wanda duk abin da ya taɓa sai ya yi tsatsa ya ruɓe: famfon gari, kwanon rufin makaranta, garmar manomi. Baffa ya ƙaga sunan. Ba inda aka rubuta sunan hedimasta a littafin. Amma Baba ya ba mugun nan kafaɗar hagu da ta ɗan sauka ƙasa, da tabarau mai ɗaure da zare, da wushirya, da wata ɗabi'a ta danna leɓen ƙasa da babban yatsa kafin a yi magana. Jaruman na tsaye kamar dirkokin danga, shi kaɗai ke numfashi.

Ina tuna lokacin da yake zanen. In yana kan jaruman, sai tsaki da gogewa, ya tashi ya sha ruwa ya dawo. In ya zo kan Sarkin Tsatsa kuwa, hannunsa ba ya tsayawa, har fito yake yi a hankali. Ban taɓa ganinsa cikin nishaɗin aiki irin na ranakun nan ba, kuma wannan ne ya fi komai yi mini nauyi idan na tuna.

Aka raba littafin a kasuwanni da ƙofofin makarantu. Hedimasta ya faɗi zaɓe. Ɗan kwangilar ya yi zamaninsa ya sauka, yau ba mai iya kawo sunan jarumi ko ɗaya cikin biyar ɗin. Sunan mugun ne ya zauna. Yara suka riƙa bin dattijon nan a hanya suna kiran Tsatsa, Tsatsa, manya na tsawata musu suna danne dariya.

Mu a Gwandu labari kawai muke ji, har ranar da Baba ya je cin kasuwa Kalgo. A layin maƙera ya hangi hedimasta ya miƙa hannu zai duba wata fartanya. Mai fartanyar ya fizge ta da wasa ya ce, "A'a Malam, kar ka taɓa, sabuwa ce!" Layin duka ya ɗauki dariya. Dattijon ya janye hannunsa ya sa cikin riga. Da ya ɗago, suka haɗa ido da Baba. Ya ce, "Malam, kai ne? Ya iyali?" Baba ya amsa, bai san ma me ya ce ba. Da ya dawo gida Inna ta kai masa abinci, da magariba ta ɗauko kwanon yadda ta kai shi.

Rigimarsu da Baffa da Sallah ta faru. Ni na kai musu abinci zaure, kuma ba wanda ya sallame ni, don haka na ji komai.

Baba ya fara. "Sunan nan da ka ƙaga ya kashe mutum da ranshi."

Baffa ya ajiye cokali. "Ni ban rubuta sunan kowa ba, Yaya. Sarkin Tsatsa na iya zama kowa. Kai ka ɗauko kafaɗarshi da tabaraunshi ka ɗora mai."

"In ba suna, mi yara za su kira? Hoto ba ya ihu a kasuwa."

"In ba hoto, wa za su bi?"

"Kuma ma labarin banza ka rubuta. Mutum biyar, baki ɗaya."

"Kai fuska nawa ka yi musu?"

Suka yi ta jefa wa juna. Can sai Baffa ya sassauta murya, ya faɗi abin da ya fi duk ihun zafi. "Yaya, gaskiyar ita ce tun da kake ba ka taɓa zanen da ya kai fuskar nan kyau ba. Shi ne abin da ke cin ka."

Baba ya ture kwanon da ke gabansa. Sannan ya ce mini, "Kwashe kwanonin nan."

Ba su yanke zumunci ba. Suna, biki, rasuwa, duk ana ganinsu tare, suna gaisawa yadda ya kamata. Amma ba su sake zancen littafi ba, kuma Baffa bai sake kwana a Gwandu ba. In ya zo, kafin la'asar ya kama hanya.

Daga nan Baba ya daina zana fuskar mutum. Allon shago, taswira, sassan fure da na kifi don 'yan aji, waɗannan ya ci gaba da yi. Mutane suka ɗauka wa'azin malamai kan hoton mai rai ne ya shige shi, shi kuma ya bar su a haka. Ni ne na taɓa tambayarsa, ya ce, "Ba wa'azi ya hana ni ba. Hannun ne ban yarda da shi ba." Duk inda ya ga Zaratan Fadama, ko a gidan mutane ko an yaga an ƙunshe ƙosai da shi, sai ya roƙa a ba shi, ya kawo ya sa a murhun Inna. Ba ya cewa komai, Inna ma ba ta tambaya.

Hannun nan da bai yarda da shi ba ya yi alheri ma, kuma ina son a sani. Wani Bafillace da ke zaune a bayan gari, wanda matarsa ke kawo mana nono, saniyarsa ta ɓace. Ya zo yana ba Baba labari kamar zai yi kuka, don ita ce gadonsa daga mahaifiyarsa. Baba ya ɗauko takarda ya ce ya kwatanta masa ita. Ƙahon dama ya fi karkata, akwai baƙin tabo a wuya kamar tafin hannu, kunne ɗaya a tsage. Baba na zanawa, mutumin na cewa a'a, ƙara nan, rage can. Da aka gama, ya riƙe takardar ya kira saniyar da sunanta. Baba ya kwafa da yawa da hannunsa, aka ba direbobi da dillalan shanu. Bayan 'yan makonni aka gane ta a hannun wani a Kambaza. Har Baba ya bar duniya, in aka kawo zancen sai ya ce saniyar ce mai sauƙin kama, ba shi ba.

Da tsufa ya zo, ido ya yi rauni, 'yata da ke jami'a ta riƙa nuna masa sababbin littattafan a waya, har da waɗanda matasan ƙasar nan ke yi. Ya koyi buɗa hoto da yatsu biyu. Yakan yaba launi, ya ce a zamaninsu ba su ga irinsa ba, sannan ya yi ƙorafin fuskokin duk sun yi sumul kamar an wanke su da sabulu guda. Wata rana ya tsaya a kan wani mugu, ya daɗe yana kallo, ya ce mata, "Wanga mai zanen ya san mutumin nan a wani wuri. Allah ya sa ba maƙwabcinshi ba ne." Ta yi dariya, don ba ta san komai ba. Ni na fita tsakar gida.

Ranar addu'ar uku liman ya yi abin da aka saba, ya roƙi duk wanda marigayi ya saɓa wa ya yafe masa. Jama'a suka amsa baki ɗaya, an yafe. Da aka watse, Inna ta aiko a kira ni. Tana zaune a ɗakinta cikin takaba, carbi a hannu.

Ta ce, "Na ji sun ce sun yafe. Waɗanda sunka ce haka ba su anka yi ma laifi ba. Wanda anka yi ma bai zo ba."

Na ce ai ban san ko yana da rai ba.

"Shina nan Diggi, ƙafa ce ta hana shi fita. Ka tahi. Kuma ka tahi da Baffanka."

Da na gaya wa Baffa, ya ce gwiwa na damunsa, hanya kuma ta lalace da ruwa. Ban matsa ba. Da safe na fito na tarar da shi a ƙofar gida, ya sa babbar riga, yana jirana.

Mota ta kai mu Kalgo, daga nan muka hau babur. Da muka shiga Diggi na faɗa wa mai babur ɗin da ya ɗauko ni sunan dattijon, na ce tsohon hedimasta. Ya ce bai gane ba. Na ƙara kwatance. Sai ya ce, "Au, gidan Tsatsa kuke nuhi? Ai da kun faɗa tun farko." Magidanci ne, amma na tabbata ba a haife shi ba lokacin da aka buga littafin. Na waiwaya na ga Baffa a kan nasa babur ɗin, ya ji, ya sunkuyar da kai.

Muka yi sallama a zauren. Ban taɓa ganin mutumin nan ba a rayuwata, amma ina shiga na gane shi. Ga kafaɗar, ga wushiryar. Ya tsufa ƙwarai, ƙafafunsa sun kumbura, yana zaune a kan buzu da matashi a baya. Na ji kunyar gane shi da na yi fiye da duk abin da ya gabata.

Na faɗa masa ko ni ɗan wane ne. Ya ce labarin rasuwar ya iso masa, ya yi wa Baba addu'a mai tsawo, muka shafa. Aka kawo ruwa. Na dubi Baffa, don shi ne babba, shi ya kamata ya buɗe magana.

Baffa ya gyara murya ya ce, "Malam, ya ruwa bana? Shinkafa ta yi kyau?"

Dattijon ya ce alhamdu lillahi, sai dai gulbi ya ɗan taɓa gonakin gangare. Baffa ya tambayi taki. Ya tambayi tsuntsaye, ko sun sauka. Ya tambayi irin da aka fi shukawa yanzu. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana rubuta wa manya jawabi, ga shi yana zufa a kan zancen shinkafa. Dattijon na amsawa ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Can ya danna leɓensa da babban yatsa ya ce:

"Haka yayanka ke yi."

Muka dube shi.

"Ya sha zuwa nan. Nan inda kake zaune yake zama. Ya tambayi shinkafa, ya tambayi gulbi, ya sha ruwa, ya ce bari ya koma kar dare ya yi mai. Na san abin da ke kawo shi. Ina iya ce mai bari, ya wuce, ban ce ba. So nake in ji da bakinshi. Shi bai iya faɗi ba, ni ban iya sauƙaƙa mai ba, har ga shi an kai shi."

Ba wanda ya san Baba na zuwa Diggi, ko Inna. Na durƙusa sosai na ce, "Malam, mahaifiyata ta aiko ni. Abin da Baba ya kasa faɗi shi na zo faɗi. Ya zalunce ka, ya sani, kuma da sanin ya rayu. Don Allah ka yafe masa."

Da ya buɗe baki, ba ni yake kallo ba, ƙofar zauren yake kallo.

"Bara anka kai jikata ɗaki. Dangin mijin na ce mata ɗiyar Tsatsa. Su wasa suke, ba su ma san daga ina ya fito ba." Ya numfasa. "Na yahe mai. Wanda ya shiga ƙasa ba a riƙe shi. Ni ma na taɓa kunyata shi gaban mutane kan abin da bai kai ba, shina yaro, shina cin abincin gidana. Allah ya yahe muna baki ɗaya."

Na kasa riƙe hawaye. Ina cikin godiya sai na ji muryar Baffa, can ƙasa kamar ba tasa ba.

"Malam, sunan nan, ni na ƙaga shi."

"Na sani."

Baffa ya jira. Ni ma na jira. A waje wata mata na daka, muna jin kowane saukar taɓarya.

Dattijon ya ce, "Yau ta mamaci ce. Kai kana da sauran kwana. Ka dawo wata rana kai kaɗai, ba a bayan gawa ba."

Ya sa aka raka mu har bakin hanya, aka ɗora mana ɗan buhun shinkafa a babur, ya ce a kai wa Inna. Ban san yadda ake ƙin karɓa ba, ban kuma san yadda ake karɓa ba.

Muka koma Kalgo. A tasha, da zan shiga motar Gwandu, Baffa ya riƙe hannuna ya ce, "Ka gaya ma Innarka an yahe ma Yaya."

Na ce, "Kai fa, Baffa?"

Ya ce sai ruwa ya janye, hanya ta yi kyau.

Ruwa ya janye tuni, an yanke shinkafa an sussuke. Duk sa'ad da muka yi waya sai ya tambayi Inna, ya tambayi yara, ni kuma ba na tambayarsa. Dattijon dai na ji yana nan da rai.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka da abin da hannunsa ya yi, mai kyau da marar kyau, kuma wanda ya ɓata wa ya sake shi. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka masa shi, ka sa ya huta. Mu da muka rage, ka buɗe mana baki tun masu jin mu suna da rai. Amin.